Neman shawara: na nemi kuɗina an ce da ni mai tsaurin ido

Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana, akwai dangin maigidana a zauren nan.

Ni matar aure ce a Gwammaja, shekarata 6 a ɗakina, 'ya'yana biyu. Ina sarin atamfa da leshi a Kantin Kwari ina sayarwa a gida, wasu su biya hannu da hannu, wasu su riƙa kawowa da kaɗan-kaɗan. Wata 8 ke nan yayar maigidana, wadda muke kira Anti Babba, ta zo har ɗakina ta zaɓi atamfa turmi 6 da leshi 2, za ta haɗa wa ɗanta lefe. Kuɗin ya kama naira 222,000. Ta ba ni 50,000 ta ce sauran sai bayan biki. An yi biki, an kai amarya, amarya har ta fara laulayi, ni dai shiru kake ji. Na tura mata saƙo sau biyu, na farko ta ce in sha Allahu, na biyu ta gani ba ta amsa ba. Alhajin da nake sari a wurinsa kuwa ya ce ba zai ƙara ba ni kaya ba sai na cika masa nasa.

Ranar Asabar aka yi suna a babban gidansu da ke Yakasai. Bayan la'asar na ga ta shiga ƙuryar ɗakin surukata za ta gyara ɗauri, sai na bi ta. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ƙasa-ƙasa, "Anti, dama maganar sauran kuɗin nan ce, an matsa mini a kasuwa." Akwai wasu mata biyu a ɗakin suna ninke sallaya, ban ɗauka za su ji ba. Sai ta juyo ta ɗaga murya yadda na tsakar gida za su jiyo: "Lallai yarinyar nan akwai tsaurin ido! A gidan ubana za ki tsare ni kamar na ci miki gado? Fitsararriya kawai!" Kafin ka ce kwabo ɗaki ya cika. Ban ce uffan ba, na ɗauki mayafina da yarana na fita, ko abincin sunan ban ci ba.

Yanzu Hajiya surukata ta aiko wai in je in ba Anti Babba haƙuri. Maigidana kuma ya ce a bar maganar, zai ga abin da zai iya yi, alhali na san albashinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai, a cikin adaidaita sahu muna komawa gida 'yata mai shekara 5 ta taɓa fuskata ta ce, "Mama, mene ne tsaurin ido? Idonki ciwo yake yi?" Wallahi na rasa abin da zan ce mata. Kakata ce ta rene ni, tunda nake ba a taɓa jifana da wannan kalma ba. Don Allah masana Hausa ku faɗa mini, mene ne ainihin ma'anarta, daga ina ta samo asali, kuma ɗaya take da fitsara? In har abin da na yi sunansa ke nan zan je in durƙusa. Ku faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Maman Walida: Baiwar Allah ki share hawayenki. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, shi ne kawai abin da ya faru a ɗakin nan. Ta ga mata biyu sun ji ana bin ta bashi, sai ta yi sauri ta juye miki laifin. Kunyar mara kunya asara ce.

Hajiya Talatu Ɗandago: 'Yata, tunda kin ce a faɗa miki gaskiya, to kin yi kuskuren wuri. Gidan suna ba wurin bin bashi ba ne, balle ɗakin uwarta, balle ga baƙin ido. Ko da raɗa kika yi, ai mata biyun nan ba kurame ba ne, kuma kin san kafin magariba labari ya kai Ƙofar Mata. Yayar miji uwa ce. Mu a zamaninmu ko sunanta ba ma kamawa. Kuɗinki haƙƙinki ne, ban ce ki yafe ba, amma da kin bi ta hannun mijinki ko kin same ta a gidanta ita kaɗai da duk haka ba ta faru ba.

Malam Sani Mai Hausa: Wa alaikumus salam. Ni malamin Hausa ne a sakandare, bari in ɗauki ɓangaren kalmar, maganar dangi in bar wa iyayenmu mata.

Tsaurin ido ba aro ba ce daga ko'ina, Bahaushiya ce gaba da baya. Kalma biyu aka ɗaure da ɗafa-ƙeyar nan ta -n: tsauri da ido. Tsauri kuwa yana cikin wani rukuni na kalmomi da ke faɗin yadda abu yake a hannu ko a harshe ko a jiki, irin su zafi, sanyi, nauyi, kaifi, ɗaci, zaƙi, zurfi, faɗi, tauri. Wani Bature masanin Hausa mai suna Parsons ya yi rubutu a kansu tun 1955. Ki lura duk da wasalin i suke ƙarewa, kuma hanya ɗaya suke bi wajen hayayyafa: zafi ya ba da zazzafa da zafafa, kaifi ya ba da kakkaifa da kaifafa, tsauri ya ba da tsattsaura da tsaurara. Shi ya sa kike jin ana cewa tsattsauran ra'ayi, ko an tsaurara tsaro.

To Bahaushe in zai faɗi halin mutum, sai ya ɗauko ɗaya daga cikin waɗannan ya manna wa wata gaɓa ta jiki. Taurin kai, zaƙin baki, nauyin baki, zurfin ciki, sanyin jiki, zafin nama, ƙarfin gwiwa. Kowane hali da inda aka ajiye shi. Gardama a kai take, riƙon sirri a ciki, kunya kuma a ido. Ki saurari yadda muke magana: ba ta iya haɗa ido da surukinta, don ganin idonka na ƙyale shi, ya kalli tsabar idona ya yi mini ƙarya, ba shi da ta ido. Duk maganar abu ɗaya ake yi.

Amma me ya sa aka zaɓi tsauri aka bar tauri? Nan ne daɗin abin yake. Tauri na abin da ya ƙi fashewa ne ko ya ƙi taunuwa, kamar dutse ko naman tsohuwar saniya. Tsauri kuwa na abin da ya kamata ya lanƙwasu ne ya ƙi. In kin taɓa shiga wajen dukawa a Kasuwar Kurmi za ki ga suna murza fata a hannu kafin su saya. Wadda ta jemu da kyau tana ninkuwa kamar ƙyalle. Wadda ba ta sha jima ba kuwa, kina ninke ta kina saki za ta miƙe ta koma yadda take. Ita ce mai tsauri. Ido ma an san shi da laushi: in mutum ya yi abin kunya aka kama shi, idonsa zai faɗi ƙasa da kansa, ba sai an ce masa ya sunkuya ba. Wanda aka kama dumu-dumu amma idon ya ƙi risinawa, ya tsaya ƙyam yana kallon mutane, shi ne mai tsaurin ido. Shi ya sa wasu ke cewa bushewar ido, hoton ɗaya ne.

Saboda haka kalmar tana da sharaɗi: sai an fara samun abin kunya tukuna, sannan a ga idon ya ƙi sauka. Yaron da aka kama da hannu a aljihun mutum ya ce canji yake nema masa. Ɗalibin da na kama da takardar satar amsa a cikin safa ya dube ni ya ce ni na jefa masa. Ke kuwa durƙusawa kika yi kika nemi abinki. Ki auna da kanki a ɗakin nan idon wa ya kamata ya faɗi ƙasa.

Ɗan Kurna: Malam ka gama magana. Ni dai tambayata, amaryar ta san atamfar da take ƙwalisa da ita ta bashi ce? 😂

Maman Walida: Ɗan Kurna ka ji tsoron Allah, mutane na cikin damuwa kana raha.

Mai tambaya: Na gode Malam Sani, Allah ya ƙara basira. Amma akwai abin da ban faɗa ba. Lokacin da ta ɗaga murya, na ɗago kai na kalle ta, kuma na daɗe ina kallonta. Ba da niyyar raini ba, mamaki ne ya daskarar da ni. To wannan kallon shi ake ta yayatawa a dangi, wai na zuba mata ido ko ƙiftawa ba na yi.

Malam Sani Mai Hausa: Wannan sunansa sakin baki, ko mutuwar tsaye. Sai dai ki sani mai kallo daga gefe ba ya ganin zuciya, ido yake gani, kuma a al'adarmu ƙarami ba ya tsayar da ido a kan babba ana cikin faɗa. Kallon ya ba su abin kamawa. Bai mai da ke abin da ta kira ki ba.

Abu Ammar: Bari in ƙara a kan bayanin Malam Sani, domin Larabci ma ya bi irin wannan hanya. Kalmar da Larabawa ke amfani da ita ga wannan hali ita ce waƙaha. Asalinta a wurin dabbobi take: kofaton doki mai tauri wanda duwatsu ba sa yi masa komai shi ake kira waƙah. Har in kofato ya suɗe ya yi laushi sukan narka kitse su zuba masa don ya taurare, aikin kuma daga wannan saiwar aka ciro sunansa. Daga nan suka ɗauko ta suka ɗora wa fuskar mutum, suka ce mai taurin fuska, wato wanda kunya ba ta huda shi. Su suka sa a fuska, mu muka sa a ido.

Ta ɓangaren addini kuma, kowa ya haddace hadisi na 20 a Arba'una tun muna Islamiyya, cewa idan ba ka jin kunya to ka aikata abin da ka ga dama. Da shi ake yi wa yara tsawa, kuma daidai ne. Amma akwai wani da ba a cika karanta wa mata ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya zo yana bin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bashin raƙumi, ya kausasa harshe har sahabbai suka yunƙura za su far masa. Sai ya ce su ƙyale shi, domin mai haƙƙi yana da ta cewa. Kuma ya sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa. Wannan mutumin kausasawa ya yi, ke kuwa a durƙushe kika yi magana. Haka nan ya inganta cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. In kuma Antin naki ba ta da shi da gaske, aya ta 280 a Baƙara ta ce a yi wa wanda ke cikin ƙunci jinkiri. Amma ita ya kamata ta buɗe baki ta ce ba ta da shi, ba ta bar saƙo ba amsa ba.

Gwaggon Yara: Ni duk ba tsaurin idon ne ya dame ni ba, kun tsaya a kansa kun bar babbar. Fitsararriya fa ta ce! A gaban mutane, ga matar ƙaninta! Waɗannan kalmomi hawa-hawa ne, ba a haɗa su a kwano ɗaya. Tsiwa ta 'yan mata ƙanana ce, ta baki ce, har dariya takan ba mutum, kuma girma yana kawar da ita. Rashin kunya shi ne babban suna da ya rufe duka. Tsaurin ido na wanda aka kama ne bai risina ba, kamar yadda Malam ya ce. Ɗiban albarka sai ga iyaye da malamai. Fitsara kuwa ta wuce nan, ita ce mutum ya yi abin da ake ɓoyewa a bainar jama'a yana ma taƙama da shi. Kakarmu takan ce fitsara da fitsari 'yan ɗaki ɗaya ne, duk wanda ya saki nasa a tsakar kasuwa ya gama da mutuncinsa. In aka ce yaro ya fitsare, ana nufin ya fi ƙarfin faɗa. In kuma aka ce wa matar aure fitsararriya, duk wanda ya ji ba maganar atamfa zai kawo a ransa ba, tarbiyyarta da gidan da ta fito zai duba. Don haka ko za ki ba da haƙuri, wannan kalmar sai mijinki ya tsaya an janye ta. In ya yi shiru a kanta yau, gobe 'yarki za a gaya wa.

Bashir (Amurka): Zancen nan ya tuna mini da wata kalma da nake yawan ji a wurin aiki a nan, hutspa. Ta Yahudawa ce, daga harshen Yidish na Yahudawan gabashin Turai, shi kuma ya samo ta daga Ibrananci. In za su bayyana maka ita sai su ba ka labarin mutumin da ya kashe uwarsa da ubansa, da aka kai shi gaban alƙali sai ya ce a tausaya masa shi maraya ne. Ranar da aka fara ba ni labarin na ce ai mu ma muna da namu, ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Abin da ya ba ni mamaki shi ne a asalinta zagi ce, amma a bakin Amurkawa ta koma rabi zagi rabi yabo. Yaro ya shiga ofishin shugaban kamfani ba a kira shi ba ya nemi ƙarin albashi, sai ka ji ana faɗin kalmar ana murmushi.

Maganar ido kuma, ni ta ci ni a nan. Watannina na farko in shugabata tana yi mini magana sai in sadda kai ƙasa, ni a dole ladabi. Ashe ita ta ɗauka wani abu nake ɓoyewa. Sai da wani ɗan Gana ya ja ni gefe ya ce in ba na kallon idonsu ba za su taɓa yarda da ni ba. Na koya da ƙyar. Da na zo hutu gida na manta na yi wa Baffana irin wannan kallo, ya ce, "Kai Bashir, Turai ta buɗe maka ido ko?"

Malam Sani Mai Hausa: Bashir, ƙarfin hali ma haka take a wurinmu, baki biyu gare ta. Mai jego ta tashi ta yi girki a ce ta yi ƙarfin hali, yabo ne. Wanda ya ci bashi ya dawo neman wani a ce kai, wannan akwai ƙarfin hali, zagi ne. Amma tsaurin ido ba ta taɓa zama yabo ba a bakin Bahaushe.

Baba Ɗanjuma Fagge: Malam Sani, ka ba mu ma'anar kalma yadda ya kamata ta kasance. Ni kuma bari in faɗa muku yadda ake aiki da ita, don na girme ku duka a nan. Kalmar nan daga sama take gangarowa ƙasa, ba ta hawa. Kun taɓa jin yaro ya ce wa maigidansa mai tsaurin ido, ko da maigidan ya cinye masa kuɗin sallama? Mahaifina tela ne, ɗan NEPU ne tun farkonta, jam'iyyar da aka kafa a nan Kano a 1950. Yakan ba mu labari cewa a lokacin in hakimi zai wuce talaka cire takalmi yake ya faɗi gaisuwa. Su kuma suka ce ba za su cire ba. Babu sunan da ba a kira su da shi ba: marasa kunya, masu tsaurin ido, 'yan iska. Hajiya Gambo Sawaba da ta riƙa shiga gidaje tana yi wa mata maganar 'yancinsu, kurkuku ta sha shiga, kuma matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa ba sai 1979. Yau ga asibiti da sunanta a Zariya. Ke da kike Gwammaja, kullum kina wuce Gidan Mumbayya, to mai gidan nan Malam Aminu shi ma ba a bar shi ba. Ban ce ki mai da gidan mijinki filin siyasa ba, 'yata. Ina dai nuna miki cewa in babba ya rasa amsa, wannan kalmar ita ce mafi kusa da hannunsa.

Hajiya Talatu Ɗandago: Alhaji Ɗanjuma, da girmanka kar ka zuga yarinya. Gambo Sawaba da hukuma ta yi, wannan kuwa da dangin 'ya'yanta za ta zauna har ƙarshen rayuwa. Duk masu cewa kar ta ba da haƙuri, ranar da aka miƙo mata takarda ba wanda zai ba ta ɗaki a cikinku. Naira 172,000 ba ta kai aure ba.

Gwaggon Yara: Hajiya, ba wanda ya ce ta kashe aurenta. Amma in kullum wanda aka cuta shi ne mai durƙusawa, yaushe mai cutar zai daina?

Alhaji Na Kwari: Shekarata 27 a kasuwa, irin wannan na gani ba adadi. Ga abin da za ki yi, kuma ki yi shi cikin makon nan tun maganar ba ta yi tsami ba.

Ki raba abu biyu da suke so su cakuɗa miki. Akwai wurin da kika yi magana, akwai kuɗin. Dabarar mai cin bashi ita ce ya ja ki faɗa, in an zo sulhu a ce kowa ya yafe wa kowa, kuɗi ya bi ruwa. Kar ki je gidan Anti Babba ke kaɗai. Ki sa mijinki a gaba ku tafi wurin Hajiya, ki riƙe ɗan goro ko turare. Ki ce, "Hajiya, na yi kuskure da na tayar da maganar a ranar taro, a yafe mini." Iya nan haƙurinki ya tsaya, kar ki ƙara ko kalma. Daga nan ki ja bakinki, mijinki ya ɗauka. Shi zai ce wa mahaifiyarsa kuɗin nan ba na matarsa ba ne, na mutumin kasuwa ne, kuma an rufe mata sari saboda shi. Ai gaskiya ce. Uwa ba ta son a ce ɗan kasuwa zai zo ƙofar gida yana kiran sunan 'yarta. Ku nemi a yanka mata abin da za ta iya duk wata, ko 20,000 ne, a bakin Hajiya, kuma ta hannun Hajiya kuɗin zai riƙa biyowa.

Shi kuma wanda kike sari a wurinsa, ki je da ƙafarki ki gaya masa halin da ake ciki, ki kai masa ko yaya ne. Mu abin da muka tsana shi ne a ɓace mana. Wanda ya zo ya yi bayani ba ma rufe masa ƙofa.

Sannan ki sayi littafi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu sai mu ce kunya ba za ta bar mu mu rubuta wa ɗan uwa ba. Ni ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya in ya ɗauki yadi goma sai ya sa hannu. Ya yi fushi shekarar farko, yanzu shi yake tuna mini in na manta.

Maman Walida: Alhaji Allah ya saka da alheri. Amma 'yar fa da ta yi tambaya a adaidaita? Me za a ce mata?

Malam Sani Mai Hausa: Ta ce mata idon Mama lafiya lau. Sauran bayanin sai ta ƙara girma.

Mai tambaya: Assalamu alaikum, na dawo da bayani kamar yadda wasu suka nema ta hannun Admin. Mun je wurin Hajiya daren Laraba ni da Abban yara. Na faɗi abin da Alhaji Na Kwari ya ce in faɗa, na yi shiru. Abban yara ya yi magana, har da ta kalmar nan ta biyu, abin da ban zata zai iya ba, muryarsa har rawa take. Hajiya ta daɗe tana jan carbi ba ta ce komai ba, sannan ta ce ita ba a gaya mata akwai sauran kuɗi ba, ce mata aka yi an biya ni tun kafin biki ina neman ƙari. Ta kira Anti Babba a waya a gabanmu. Ban ji abin da take cewa ta can ba, na dai ji Hajiya ta ce, "Ni na haife ki, ba ke kika haife ni ba." An tsayar da 20,000 duk wata. Maganar janye kalma kuwa Hajiya ta ce in bar mata, ban sani ba ko za a yi.

Yanzu haka da nake rubutun nan ƙaramin ɗan Anti Babba yana tsaye a ƙofar gida. Ya kawo 20,000 ɗin a cikin ambulan. Ya ce kuma wai in ji Mamansa, in sababbin leshi sun zo in ba shi kala biyu ta gani, bikin 'yarta ya matso, za a haɗa da na baya. Me zan ce masa?

Alhaji Na Kwari: Karɓi ambulan ɗin tukuna ki ƙirga a gabansa, ki rubuta kwanan wata. Ki ba shi ruwa ya sha. Leshi kuma ki ce masa sai Abban yara ya dawo.